Littafin aikin firintocin ofishinmu na Garwa

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Alhaji ya kira ni ofishinsa da safe, ya turo min kwalin tawadar kala da babu komai a ciki. "Malam, yaushe na sayi wannan?" Na ce wata biyu ke nan, ranka ya daɗe. Ya ce to in nemo masa inda take zuwa, don shi dai bai san muna sana'ar hoto ba.

Yana da gaskiya. Dakon kaya muke yi. Tirela ta ɗauko kaya a Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, ta biyo ta nan Garwa, ta wuce Marwa da Kusiri, ta tsallaka Njamena. Abin da muke bugawa bai wuce takardar lodi da faktir (takardar cajin kuɗi) da lissafin albashi ba, kuma baƙi da fari ya ishe su duka.

Na zagaya na ƙirga. Kwamfuta 14, firinta uku: babba a baranda, mai kala kusa da teburin Hajiya akanta, sai ƙarama a rumfar lodi. Kowace kwamfuta tana magana da firinta kai tsaye, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gyara ya bar sawunsa. A kwamfutar sakatare kaɗai na tarar da sunaye bakwai na firinta uku, har da mai "Copie 1" da "Copie 2" a wutsiya. Shi kansa bai san wacce ke aiki ba, gwadawa yake yi har wata ta amsa.

Abin da nake so: takarda A4, baƙi da fari, bugun gaba da baya wanda a nan kowa ke ce wa rakto-barso, kuma kowane tebur ya riƙa tura aikinsa firintar da ke kusa da shi. Na rubuta wa kaina a bangon littafi cewa abu biyu ne, kada in cakuɗa su: firintar da kwamfuta ke fara zaɓa daban, saitin da firinta ke fara bugu da shi daban.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba mu da babbar sabar, ba mu kuma da domen da zan zauna wuri ɗaya in ba kwamfutoci umarni. Na ɗauko wata kwamfutar tebur mai Windows 10 Pro da ke kwance a sito, na kaɗe ƙurar hunturu, na mai da ita uwar firintoci, wadda duk bugun ofis zai riƙa bi ta kanta. Windows irin na tebur ba ya karɓar fiye da mahaɗa 20 a lokaci guda. Mu 14 ne, akwai sauran fili.

Kowace firinta na ba ta adireshin IP nata na dindindin, na kuma keɓe shi a rauta kada a ba wata na'ura. Na haɗa su da tashar TCP/IP ta yau da kullum, lamba 9100. Sunaye gajeru, babu tazara a tsakani: BABBA, KALA, LODI.

Asabar, 18 ga Janairu

Ni da yaron da ke koyon aiki a hannuna mun bi tebur tebur. A kwamfuta ta farko da ba ta mai cikakken iko ba, haɗin ya tsaya yana neman kalmar sirrin mai gudanarwa. Wannan ba lalacewa ba ce. Tun bayan ɓarakar tsaron nan da aka kira PrintNightmare a 2021, sabuntawar watan Agusta ta shekarar ta sa ma'aikaci mara iko ba zai iya jawo direban firinta, wato manhajar da ke sarrafa ta, daga sabar da kansa ba. Akwai maɓalli a rajista, ma'ajiyar saitin Windows, da ke buɗe ƙofar. Ban taɓa shi ba, don a ofishin da kowa ke soka kile, wato filashin USB, a kowace kwamfuta ba zan buɗe ƙofar da aka rufe da dalili ba. Na shiga da asusuna na sa direban da hannu a kowacce, iri ɗaya, lamba ɗaya da na kan uwar. Da aka yi haka haɗin ya wuce shiru.

Mun share tsofaffin sunayen nan duka. La'asar ta yi kafin mu gama.

Talata, 21 ga Janairu

Na buɗe BABBA da KALA a kan uwar, na shiga saitin, na sa A4, baƙi da fari. Na buga gwaji daga nan, ya fito yadda nake so. Na je na ce wa Alhaji aiki ya kammala.

Laraba, 22 ga Janairu

Bai kammala ba. Ƙarfe tara Hajiya ta ɗago min faktir, tambarin kamfani shuɗi shar a samansa. "Ƙanena, wannan ne baƙi da farin naka?" Na ce Hajiya a yi min haƙuri zuwa azahar.

Kuskurena ne, kuma irin wanda ya kamata in rubuta dalla-dalla don kada in maimaita. Kwamfutocinmu da Faransanci suke. Idan ka buɗe Propriétés de l'imprimante, akwai ƙofa biyu da ke kai ka ga allo mai kama ɗaya sak. Ta farko tana shafin Général, maɓallin Préférences. Ta biyu tana ɓoye a shafin Avancé, maɓallin Impression par défaut. Ka danna kowacce, za ka ga jerin zaɓi iri ɗaya, launi ɗaya, hoton takarda ɗaya. Amma ta farko saitin mutum ɗaya ne, wanda ya shiga kwamfutar da sunansa a lokacin. Abin da na gyara jiya na asusuna ne ni kaɗai a kan uwar, shi ya sa gwajina ya yi kyau, babu kuma wanda ya amfana. Ta biyun ce saitin firintar kanta, wanda duk mai haɗuwa da ita daga wata kwamfuta ke gada.

Wato na shafe yini ina gyara ɗakina ina cewa na gyara gida.

Na koma ta ƙofa ta biyu na sake komai. A nan na ci karo da wani abu: zaɓin gaba da baya a BABBA ya ƙi dannuwa, ya yi fari-fari. Firintar tana da na'urar juya takarda, da idona na gan ta, amma direban bai sani ba. Sai da na shiga shafin Paramètres du périphérique na nuna masa an sa ta, tare da tire na biyu, sannan zaɓin ya farka. Juyin na sa shi ta dogon gefe, yadda ake buɗe littafi. Idan ka sa ta gajeren gefe, bayan takarda a tsaye zai fito kai ƙasa.

Don in tabbatar ba allo ke ruɗata ba, na tambayi uwar ta PowerShell, allon rubuta umarni, da Get-PrintConfiguration. Ta amsa A4, babu kala, gefe biyu. Alhamdu lillahi.

Litinin, 27 ga Janairu

Kwamfuta tara sun bi sahu. Biyar sun ƙi, suna ta buga gefe ɗaya, biyu daga ciki har da kala.

Na daɗe ina duba su kafin in lura da abin da ya haɗa su: duk a ɓangaren da yaron nan ya zagaya suke. Na tambaye shi a hankali. Ya ce, "Malam, ranar Litinin da ba ka nan suka ce firinta tana tsayawa tana neman wata takarda, sai na shiga na sa musu A4." Ya yi ne don taimako, kuma ya magance musu matsalar ranar. Abin da bai sani ba, ni ma sai yau na gane shi sosai, shi ne Windows ba ya ajiye abu ɗayan da ka canza shi kaɗai. Da ka danna OK a Préférences, sai ya kwafi saitin gaba ɗaya yadda yake a lokacin, girman takarda da kala da gefe da tire, ya dunƙule shi ya adana a rajistar mai asusun, ƙarƙashin HKCU\Printers\DevModePerUser. Daga ranar wannan mutumin ya raba gari da uwar. Duk abin da na canza a can ba ya iso shi, don nasa ne a gaba.

Ban yi wa yaron faɗa ba. Wanda ya shiga ƙofar da ba ita ba ranar Talata ba shi da bakin yi wa wani faɗa ranar Litinin.

Magani: ƙaramin fayil na umarni da ake gudanarwa cikin asusun ma'aikacin kansa, ba nawa ba, tunda rajistar tasa ce. Yana cire haɗin da rundll32 printui.dll,PrintUIEntry /dn, ya goge abin da ke DevModePerUser da maƙwabcinsa DevModes2, ya sake haɗawa da /in. Na gwada a kwamfutar sakatare, ta dawo hanya. Sauran huɗun na bar wa yaron ya yi ina kallo.

Juma'a, 31 ga Janairu

Yanzu ɗaya matsalar da na rubuta a bangon littafi ta taso. Mai kula da albashi ya buga wasiƙa ɗaya a KALA ranar Laraba, tun daga nan duk abin da ya tura can yake zuwa, har takardar albashin mutum talatin da wani abu ta fito a teburin da kowa ke wucewa. Hajiya ce ta kife ta da sauri.

Tun sigar 1511 ta Windows 10, wadda ta fito a ƙarshen 2015, akwai zaɓin nan Laisser Windows gérer mon imprimante par défaut. Idan yana kunne, firintar da ka yi amfani da ita ƙarshe ita ce za ta zama ta farko. Ga mai yawo da laftof tsakanin gida da ofis yana da amfani. Ga ofis irin namu masifa ne. Wasu kwamfutocin Home ne, ba su da allon manufofin rukuni, don haka na bi ta rajista a duka: LegacyDefaultPrinterMode ya zama 1, a ƙarƙashin HKCU\Software\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\Windows. Na ƙara layi ɗaya a fayil ɗin umarnin, mai /y, da ke naɗa firintar kowane tebur, na sa shi cikin abin da ke tashi idan mutum ya shiga asusunsa. Ko wani ya canza da rana, gobe da safe za ta koma mazauninta.

Mun tashi da wuri saboda masallaci.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Rumfar lodi ta yi bore. Magatakardan can, dattijo ne da ya riga ni shiga kamfanin da shekaru masu yawa, ya zo da kansa riƙe da takarda. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ta ya nuna min bayanta cike da rubutu, ya ce, "Ɗana, a ina mai karɓar kaya zai sa hannu?"

Ashe bayan takardar lodi ba fili ne na banza ba. A nan ake buga hatimi idan an sauke kaya, a nan direba ke rubuta buhu nawa ya fashe da inda ya sha mai. Kuma idan lodi shafi biyu ne, wani lokaci shafi ɗaya yakan tsaya Marwa ɗaya ya wuce gaba. Ni ina zaune a baranda ina lissafin takardar da za a rage, ban taɓa bin takarda ɗaya na ga inda take ƙarewa ba.

Na ce Baba na ji, a gafarce ni. LODI ta koma gefe ɗaya. Minti biyu ya ɗauka, daga kan uwar, ban taka zuwa rumfar ba, kuma kwamfutocin can biyu suka bi tunda babu wanda ya taɓa Préférences a cikinsu. Wannan ne karo na farko da na ji daɗin tsarin a jikina. Alhaji ya ɗan yi gunaguni kan takarda, amma da ya ji daga bakin wa maganar ta fito sai ya bar ta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun ranar matasa, ofis babu kowa, ana jin gangar 'yan makaranta masu fareti daga nesa. Na zo don abu biyu da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa.

Na farko: har yanzu BABBA takan tsaya da jar fitila tana neman takardar Letter, alhali uwar ta ce A4, kwamfutoci ma sun ce A4. Na bi sawun aikin da ya tsaya, kullum fayil ɗaya ne ko 'ya'yansa: takardar wasiƙa mai tambarin kamfani. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Letter ta Amurka 216 ce da 279, ta fi faɗi kaɗan, ta fi gajarta. Wani ya tsara wasiƙar shekarun baya a kan laftof ɗin gwanjo da ya zo da saitin Amurka, kuma tun daga nan kowa kwafarta yake yi ya goge rubutun ya sa nasa. Word yana ajiye girman takarda a cikin fayil ɗin kansa, kuma idan aka zo bugu maganar fayil ce ke gaba da ta firinta. Shi ya sa ma adireshinmu da ke ƙasan wasiƙa yake tsayawa sama da inda ya kamata, abin da na daɗe ina gani ina zaton ado ne. Na mai da uwar wasiƙar A4, na gyara tazarar gefe, na ajiye ta a jakar da kowa ke ɗauka, na sa mata kariya daga rubutu.

Na biyu ya fi ba ni mamaki. Littafin lissafin Hajiya na Excel yana fita da kala ko ta wace hanya aka bi. Na kwafe shi, na canza wutsiyar sunan daga xlsx zuwa zip, na buɗe. A ciki akwai jaka mai suna printerSettings, cikinta ƙaramin fayil, printerSettings1.bin. Dunƙulen saitin nan ne dai irin na rajista, amma wannan karon a cikin littafin yake tafiya, daga kwamfuta zuwa kwamfuta, daga shekara zuwa shekara. Na buɗe littafin na asali, na zaɓi baƙi da fari a kowane shafi, na adana. Shafi goma sha biyu ne, na wata-wata, kowanne da nasa.

To yanzu na san hawa uku ne. Uwar tana faɗin nata, asusun mutum yana iya take shi, fayil kuma yana iya take su duka biyun. Na zana shi a takarda na manna a jikin uwar, don yaron, don ni ma.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kala. Sa baƙi da fari a matsayin farko ba kulle ba ne, duk mai so zai iya juyawa kafin ya buga. Na yi wa firintar layi biyu, wato suna biyu, a kan uwar, duk zuwa adireshi ɗaya: KALA-BAKI na kowa da kowa, KALA na kwamfutar Alhaji da ta Hajiya kaɗai, ta hanyar asusu na daban da izini a shafin Sécurité. Mai wayo zai iya shiga layin farko ya kunna kala, na sani. Kullen gaske a cikin firintar kanta yake, da lambar sirri ga kowane mutum, kuma Alhaji ya ce ba ya son ofis ya koma banki. An bar shi haka.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An ɗauke wuta da dare, ta dawo da asuba. Kowace kwamfuta mai ita ya kunna ta, uwar kuwa babu mai ita, tana can sito a kashe. Ina kan hanya daga unguwar Yelwa waya ta fara ƙara, mota uku na jiran takarda. A da in wuta ta dawo kowa bugunsa yake yi. Yanzu na tara ƙwai a kwando ɗaya, kuma ni na saƙa kwandon.

Na shiga BIOS, saitin tashin kwamfuta, na sa ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo, na hana ta barci, na ƙwace ondila, batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, daga teburin da ba a amfani da shi na ba ta. Na kuma nuna wa maigadi maɓallin, in ta ƙi.

Bayan ta tashi, LODI ta nuna Hors connexion alhali tana amsa kira a adireshinta. A saitin tashar akwai alamar État SNMP activé. Uwar tana tambayar firinta lafiyarta ta wannan hanya, in ba ta ji amsa ba sai ta ɗauka ta mutu ta riƙe aiki. Ƙaramar ba ta amsawa da kyau. Na cire alamar, takardu suka zubo.

Takarda ma tana manne wa juna saboda bushewar iska, firinta tana jan biyu-biyu. Wannan ba na saiti ba ne. A kaɗa ta kafin a zuba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Saura biyu ƙanana. Chrome yana tuna zaɓin da aka yi masa na ƙarshe a allon bugunsa, don haka wanda ya taɓa zaɓar kala a ciki sai ya mayar da hannu sau ɗaya. Na bi na yi musu.

Ɗan Alhaji kuma ya zo da laftof mai Ubuntu, ba Windows ba. Can manhajar CUPS ke riƙe da bugu, ba ruwansa da abin da na tsara a uwar. Na haɗa shi da BABBA kai tsaye ta IPP, na sa masa A4 da gefe biyu da lpoptions. Shi kaɗai ne a waje da tsarin, na rubuta shi a nan don kada in manta ranar da adireshi ya canza.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, zafin Garwa ma ya fara nuna hali, ana tashi da wuri. Na buga shafin ƙidaya na kowace firinta, na ajiye tare da wanda na buga ranar 15 ga Janairu. Daga yau duk farkon wata za a buga, yaron ne zai riƙa yi. Na kai wa Alhaji ya duba layin kala, ya duba kwalin da ke kan firinta wanda har yanzu bai nemi canji ba, ya ce, "To, madalla." Daga bakinsa wannan yabo ne babba.

Abin da ya rage a gabana: Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma uwar ba za ta ɗauki 11 ba, ta tsufa. Kafin in canza ta sai na kwashe saitin kowane layi da /Ss na umarnin printui ɗin nan zuwa fayil, in gwada mayar da shi da /Sr a wata kwamfuta, in ga ko direban zai karɓa. Sabuwar kuma dole ta gaji sunan tsohuwar, in ba haka ba haɗi 14 za su mutu rana ɗaya. Na sa wannan bayan salla.

Da zan fita, sakatare ya tare ni a baranda. Wai tun da aka koma gaba da baya ya rasa takardar da yake yanka yana rubuta saƙon waya a bayanta, ko zan iya mayar masa da tasa kwamfutar gefe ɗaya, shi kaɗai, ba sai kowa ya ji ba. Na ce masa zan kawo masa tsofaffin wasiƙun Letter da ke sito, katan guda ne cur.